Yalwa da Jemagun Birnin Kalgawa

Ku matso kusa, ku ara mini kunnuwanku, ga ta nan tafe da ƙafafunta.

A can wani zamani, tun duwatsu suna da taushi, an yi wani sarki a Birnin Kalgawa, Barmo ɗan Gwanki jikan Tunau, dogo kakkaura, mai faɗa a ji, mai zuciya kamar garwashin ƙirya. Allah bai ba shi haihuwa ba sai 'ya guda, Yalwa, baƙa kyakkyawa mai wushirya, mai taurin kai irin na uban, don barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Arzikin garin kuwa ɗorawa ne da kuka, daddawarsu har daga bayan kogi ake zuwa saye.

To, a rimayen ƙofar fada akwai jemagu, dubbai a kan dubbai, tun kaka da kakanni. Ran nan sarki na shari'a a gaban baƙi, sai kashin jemage ya sauka a kan rawaninsa. Ya fusata, ya sa aka tara barkono buhu-buhu aka banka musu hayaƙi, jemagu suka tashi kamar hadari suka yi gabas, ko ɗaya bai waiwayo ba.

Ashe su ne ke bin furen ɗorawa da na kuka da almuru, suna lasar zaƙi, suna kwasar garin fure daga wannan itace zuwa wancan, da haka itatuwan ke ɗaukar 'ya'ya. Shekara ta zagayo, fure ya fito ya zube a banza. Shahon da ya saba cin jemage ya koma kan 'yan tsaki, sarki ya sa maharba suka far wa shahuna, waɗanda suka tsira suka bi bayan jemagu. Shaho na ƙarewa, ɓera da jan-baki suka samu sake, suka hayayyafa, suka cinye gero tun yana gona. Rumbuna suka bushe ƙayau, mutane suka fara ɗaure kaya za su bar gari.

Yalwa ta shiga fada ta durƙusa, ta ce, "Ranka ya daɗe, kai ka kori jemagu, ni zan dawo da su."

Sarki ya harare ta. "Ke da wa?"

"Ni da ƙafata, Baba."

Ta yi ta tafiya, ta keta daji ta haye tudu, har ta isa Birnin Azurfa, garin aljanu mai ganuwa fara sol, mai ƙofofi masu walƙiya, amma tun daga nesa ta ga abin mamaki: busasshen ganye da mushe da kashin dabbobi sun taru tsibi-tsibi har sun kai kan soraye. Wata tsohuwar aljana da ke share ƙofarta ta ce, "Kada ki yi dariya, jikata. Mu ne muka ce ba ma son ƙazanta, muka kori ungulu da gara da buzuzu. Tun ranar ba abin da ya ruɓe ya koma ƙasa, ƙasar ma ta daina ba mu ko ciyawa. Jemagunku suna wurin Sarkin Aljanu Zurmuƙu, a cikin dutsen can. Ki kula, kyautarsa ta fi fushinsa haɗari."

Yalwa ta shiga dutsen ta iske Zurmuƙu a kan karagar jan yaƙutu, baƙi wuluk, idanu jajaye jawur, gemu har ƙasa, jemagu na reto a rufin fadarsa, shahuna na jere a bayansa. Ta yi gaisuwa, ta faɗi buƙatarta.

Ya yi dariya har dutsen ya girgiza. "'Yar mai barkono ce da kanta! A ba ta jemagu biyu, mace da namiji, a kejin zinariya, ta je ta yi kiwo."

"Allah ya ja zamanin sarki, biyu ba sa raya gari. Ciwo ɗaya ya kwashe su, shi ke nan. Dangin nake so duka, tsofaffi da jarirai."

"To kwashe su, amma shahuna su zauna nan. Ai na yi miki gata, na raba ki da ɓarayin kaji."

Yalwa ta tuna tsibin Birnin Azurfa, ta miƙe tsaye, abin da ba a taɓa yi a wannan fada ba. "Gatan nan riƙe abinka. Ba shaho, wa zai tsare mana ɓera? Ko duka, ko in mutu a nan ka nemi mai binne ni."

Zurmuƙu ya ce, "Bakinki ya fi ki girma. To ki ɗanɗana abin da ubanki ya ɗanɗana wa jemagu. In kin ce a bar shaho a nan, a take za a buɗe miki ƙofa."

Aka kulle ta a ɗaki aka banka barkono. Wayyo, 'ya'yan nan! Idanu suka kumbura, maƙogwaro ya tsage, ta yi tari har da jini, aljanu na leƙowa suna cewa, "Faɗi mana, gimbiya, kalma guda ce!" Ita kuwa da ɗan sauran numfashinta sai ta ce, "Ku ƙaro barkono, wannan ai na miya ne."

Nan uwar jemagu ta sauko ta ce wa Zurmuƙu, "Ya isa. Wadda ta sha hayaƙi saboda mai cin 'ya'yanmu, ta san yadda duniya ke tsaye. Za mu bi ta."

Haka Yalwa ta komo Kalgawa, jemagu sun rufe rana a kanta, shahuna na shawagi a bisansu. Maharba suka ɗana kibau, ta tsaya a ƙofar gari da muryarta da ta dushe, ta ce, "Mai harbin shaho ya fara da ni." Sarki Barmo ya dubi idanun 'yarsa, ya sunkuyar da kai, ya miƙa mata sandar mulki a gaban jama'a.

Kafin shekara ta zagayo ɗorawa ta yi 'ya'ya har rassa na karyewa, waɗanda suka ɗaure kaya suka kwance. Mata dai ba su fasa zuwa fada ƙarar shaho ya ɗauke musu ɗan tsako ba, Sarauniya Yalwa kuwa amsarta guda ce: "Iya, a yi wa kaji akurki."

Allah da ya halicci kowa da abincinsa, Ya bar mu tare da maƙwabtanmu, masu ƙafa da masu fiffike. Ƙurunƙus, nan ta sauka.