Ƙwaryar da Ranau Ya Kife

Tun garinmu bai zama gari ba, tun ƙasar nan kurmi ce da sarƙaƙiya, akwai wani maharbi da ake kira Ranau. Dogo ne, baƙi, ba ya son yawan magana. Shi ke dafa wa maharban zango dafin kibiya, kuma in rigima ta tashi a kan nama, gabansa ake zuwa. Kirarinsa shi ne: "Ranau, rana tsaka, ba ka da inuwar da mai ƙarya zai fake!"

Wata shekara fari ya tsananta, rafuka suka ƙafe, sai idon ruwa guda ya rage a gindin dutse. Wata ɓauna kuwa ta tare wurin. Tsofaffi sun ce in ta yi huci ciyawa ƙonewa take yi, kuma ta halaka matan da suka yi ƙarfin halin zuwa ɗiba. Dattawa suka yi alkawari a bainar jama'a cewa duk wanda ya kashe ta, ruwan ya zama nasa da zuriyarsa.

Ran nan da safe aka tarar da ita kwance, kibiya biyu a jikinta. Ɗaya ta Jatau ce, ƙanen Ranau uwa ɗaya uba ɗaya. Ɗayar ta Nomau ce, wani baƙo da fari ya koro daga arewa da matarsa da 'ya'ya ƙanana. Kowannensu ya ce shi ya kashe ta. Jatau kuwa ya rantse in ruwan ya zama nasa, baƙo ba zai ɗanɗana ba. In haka ta faru, dole Nomau ya kwashi yaransa ya shiga daji, inda babu ko raɓa.

Aka taru a gindin dutsen. Babban dattijon zango ya ja Ranau gefe ya ce, "Kai mai sulhu ne, raba musu kawai. Ɗan'uwanka ya riƙe ruwan, baƙo ya ɗauki naman, kowa ya samu."

Ranau ya fizge hannunsa, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Baba, in nama kuke so a raba, ku kira mahauci! Ni gardama aka kira ni in raba. Yaran nan nama za su sha?"

Sai ga Tabawa, uwar Ranau da Jatau, ta keto taro da ƙwarya cike da ruwan da aka fara ɗiba. Ranau ɗan farinta ne, ba ta faɗin sunansa. Ta ce, "Kai wannan, karɓi ka jiƙa maƙogwaro kafin ka yi magana. Ruwan gidanku ne."

Leɓɓansa sun tsage don ƙishi. Ya karɓa da hannu biyu, ya dubi uwarsa, ya kife ƙwaryar a kan dutse. Ruwa, a shekarar fari! Mata suka dafe ƙirji.

Ya zare wuƙa ya tsaga fatar ɓaunar a gindin kibiyar Nomau. Naman ya yi baƙi ƙirin, dafi ya bi jini har zuciya. Ya tsaga a gindin ta Jatau. Naman ja wur, dafin na nan daskare a bakin ƙarfe.

Ya ce, "Wannan dafin ni na dafa shi, na san aikinsa. Ba ya tafiya sai a jinin mai rai. Gawa ka harba, Jatau."

Jatau ya ce, "Yaya, baƙo ka zaɓa a kaina?"

"Ban zaɓi kowa ba, marar kunya! Da dafina za ka yi ƙarya, sannan ka sa uwarmu ta kawo mini ruwa? Ruwan na Nomau ne."

Jatau ya karya bakansa ya jefar a gaban yayansa, ya yi yamma. Tabawa ta ɗaure kayanta ta bi shi, ba ta waiwayo ba, Ranau bai ƙara ganin ta ba har ya mutu. Nomau kuwa ya ce kowa ya sha. Mutane suka yi ta kafa bukkoki kewaye da idon ruwan, abin da ya sa garinmu ya ci sunan Ruwan Baƙo ke nan.

Daga ranar aka daina ce wa Ranau mai sulhu, aka koma kiran sa Raba-gardama, sunan ya zama sarauta. Mai shiga tsakani daban, shi lallashi ne aikinsa. Raba-gardama kuwa, kafin ya yanke hukunci, sai an miƙa masa ƙwaryar ruwa ya kife, don kowa ya shaida bai sha na kowa ba.

Bana, da na dawo gida bayan shekarun da na yi a kudu, na je kallon shari'ar wata gona. Aka miƙa wa mai riƙe da sarautar ƙwarya. Wallahi a kan idona ya kafa kai ya shanye, ya goge baki, sannan ya kife ta babu komai ciki. Wai ai an kife, al'ada ta cika. Gonar kuwa ta tafi gidan da ruwan ya fito.

Na tashi raina a ɓace, na tafi gindin dutsen. Tsakiyar bazara ce, ƙasa na ƙona ƙafa. Na ɗora tafina a inda Ranau ya kife ƙwaryar uwarsa. Wurin da lema har yau.