Mijinyawa da Shanun Ruwan Bago

A shekarun da ake ɗibar samari soja ana kai su yaƙin Bama, an yi wani saurayi a Ƙaraye mai suna Mijinyawa. Ɗan Madugu Sulle ne, tsohon falken da ya shekara ashirin yana kai shanu Ikko yana dawowa da goro. Mijinyawa ba rago ba ne, ba kuma maƙaryaci ba. Ciwonsa ɗaya, girman kai. Ya yi elementare shekara huɗu, ya iya karanta takarda, ya tsinci ɗan Turanci, shi ke nan yake ganin duk yammacin Kano babu wayayye irinsa. Abu biyu ne ba ya iya haɗiyewa: a kira shi baƙauye, ko mace ta gaya masa yadda zai yi.

A wannan shekara ciwon yana ya rufe idon Madugu Sulle, tafiya ta gagare shi. Ga shi Fulanin Ruwan Bago, can ƙasar Rogo, sun riga sun tara shanu arba'in kamar yadda suka saba, wannan gida ya kawo biyu, wancan ya kawo ɗaya, duk a kan amanar Sulle. Sai tsohon ya kira ɗansa, ya haɗa shi da Jibo, wani dattijon Bafulatani da ya daɗe yana kora masa shanu.

Ya ce, "Abu biyu zan gaya maka. Sanuwar arewa ba ta daɗewa a kurmi, ƙudan tsando zai cije ta, ciwon sammore ya kama ta. In ka sauka, kada ka wuce kwana uku ba ka sayar ba. Na biyu, wadda za ka sayar wa ita ce Iya Abeke. Abin da ka ga Jibo ya yi a gabanta, kai ma ka yi."

Mijinyawa ya ce, "To, Baba." Amma a ransa cewa ya yi tsufa ya fara taɓa tsohon.

Suka kora shanu zuwa Kano, aka loda su a jirgin ƙasa. Da suka isa Ikko suka zuba su a zango, washegari da hantsi Jibo ya ja shi zuwa wata babbar rumfa kusa da mayanka. A tsakiyar rumfar wata mace ce zaune a kan kujera, baƙa, mai jiki, ta naɗa ɗankwali kamar faifai. Mahauta ƙarti suna zuwa suna kwanciya rubda ciki a gabanta suna gaisuwa. Ita ce ke tsaya wa mahautan yankin, ba wanda ke taya saniya sai da saninta.

Jibo ya tuɓe takalmi ya durƙusa. Mijinyawa ya tsaya ƙiƙam, hannu a aljihu.

Iya Abeke ta dube shi, ta yi murmushi, ta ce da Hausarta ta 'yan kasuwa, "Wannan ɗan Sulle ne? Ya ɗauko tsayin ubansa. Zauna, ɗana. Yaya idon baba?"

Akwai goran giyar bammi a gefe da mutanenta ke sha. Ta yi nuni aka ɗauke shi aka kai bayan rumfa. Ta ce, "Baƙina ba sa sha." Aka kawo ruwan sanyi da farin goro.

Mijinyawa bai zauna ba, bai taɓa goron ba. Ya ce, "Na gode. Amma ni ciniki ya kawo ni. A kira mini mai gidan."

"Wane mai gida?"

"Mijinki. Mu a garinmu namiji ba ya cinikin shanu da mace."

Waɗanda ke jin Hausa suka fassara wa waɗanda ba sa ji, fuskoki suka canza. Jibo ya sunkuyar da kai yana salati a hankali.

Iya Abeke ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Mijina yana ƙauye yana noman koko. Ko akuya bai taɓa saya ba. Amma tunda namiji kake nema, garin nan cike yake da maza. Je ka nema."

Ranar ba mahaucin da ya leƙo zangonsu. Washegari ma haka. Shanun wasu fatake da suka iso bayansu aka saye tas, nasu kuwa ko tayi babu. A rana ta huɗu wani jan bijimi ya ƙi cin ciyawa, gashinsa ya tashi, idonsa na zubar da ruwa.

Jibo ya ce, "Ɗan Madugu, ka ga abin da ake gudu ya fara. Don Allah mu koma ka ba ta haƙuri. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne."

"Baffa Jibo, ni in durƙusa wa mace a gaban arna? Ka bar ni, na san abin da nake yi."

Ya riga ya ji labarin wani ɗan kwangila, Mista Fagbemi, mai kai nama barikin soja. Ya sa babbar rigarsa ta saƙi, ya je ofishinsa, ya yi masa Turanci. Mutumin ya ji daɗi, ya ce yana bukatar shanu, amma shi ba ya ƙulla ciniki da wanda bai ci abinci a gidansa ba. Ya gayyace shi ranar Lahadi da rana, bayan an taso daga coci.

Mijinyawa ya dawo yana taƙama. Jibo ya ƙirga kwanaki da yatsa, ya ga Lahadi sai jibi, ya girgiza kai. Ya ce, "To, tunda ka ƙi ji, ka riƙe wannan. Na taɓa raka ubanka irin gidajen nan. Matansu tare suke zama da maza, su ba ka hannu, su yi maka dariya. Ba wani abu ba ne, gaisuwarsu ke nan, matan aure ne masu mutunci. Kuma za a kawo giya. Ubanka cewa yake ruwa ya ishe shi, ba wanda ya taɓa jin haushi."

"Baffa, shanu ka sani. Zama da 'yan boko kuwa ka bar wa waɗanda suka yi makaranta."

Kafin Lahadi jan bijimin ya faɗi, wasu uku suka fara rawar jiki.

Gidan Mista Fagbemi bene ne. Mijinyawa ya tarar da falo cike da maza masu kwat da mata masu dogayen riguna, garmaho na kiɗa a kusurwa. Matar gidan, malamar makaranta ce, ta tarye shi a bakin ƙofa, ta miƙo masa hannu, ta tambaye shi gajiyar hanya tana murmushi. Tunda aka haife shi macen da ba muharramarsa ba ba ta taɓa riƙe hannunsa ba. Maganar Jibo ta fice masa daga kai. A ransa ya ce, lallai matar nan da wata manufa.

Da aka zauna, Mista Fagbemi ya ce, "Na san mutanenku ba sa sha. Ga lemo an tanadar maka."

Da ya karɓi lemon nan, da shi ke nan. Amma wani saurayi da ke gefe ya raɗa wa abokinsa wata magana suka yi dariya, Mijinyawa kuwa ya tsinci kalmar da ke nufin mutumin daji. Jininsa ya tafasa. Ya ture lemon, ya nuna kwalbar da ke gaban mai gida.

Ya ce, "Irin wanda kuke sha za a zuba mini."

Mista Fagbemi ya ce, "Ka tabbata? Ba dole."

"Na saba."

Kurɓin farko ya ji kamar ya haɗiyi garwashi. Hawaye ya cika masa ido, amma ya ga ana kallonsa, sai ya shanye. Aka ƙara, ya shanye. A kofi na uku kunya ta tafi, harshensa ya saki. Ya fara ba da labari da ƙarfi, Turanci da Hausa a cakuɗe, yana cewa ubansa ya fi kowa shanu a ƙasar Kano. Mai gida ya yi ƙoƙarin jawo zance kan ciniki, yana cewa gobe da safe zai aiko a duba shanun. Saura kaɗan al'amari ya ƙullu.

Sai matar gidan ta zo wucewa da faranti. Mijinyawa ya cafke wuyan hannunta. Ya ce da ita, kowa na ji, tun da ya shigo ya lura tana sonsa, in ta bi shi Ƙaraye zai ba ta saniya da ɗan maraƙi.

Farantin ya faɗi ya tarwatse. Matar ta fizge hannu ta kwaɗa masa mari. Ƙanenta ya taso, Mijinyawa ya ɗauki kwalba ya wurga, ta fashe a goshin mutumin, jini ya wanke masa farar riga. Mata suka sa ihu. Kafin la'asar 'yan sanda sun fito da shi daga gidan, ba hula, rigar saƙi a yage, yana tangaɗi yana amai a bakin titi, mutane sun taru suna kallo.

Washegari majistare ya yanke masa sati uku a gidan yari.

Kwana tara yana ciki bai ga kowa ba. Ba dukan da ya sha ne ke damunsa ba, ba kuma aikin ɗaukar bokitin bahaya ba. Da ya rufe ido sai ya ga shanu. Yau nawa suka rage? A rana ta goma aka ce yana da baƙo. Jibo ne, ya rame, idonsa ya faɗa.

Mijinyawa ya kama ƙarfen taga ya ce, "Baffa, shanun?"

Jibo ya ce, "Kwana biyu na yi ina yawon nemanka, ban san inda aka kai ka ba. Da na ji, sai na tafi wurin Iya. Mahauta suka hana ni shiga. Safiya uku ina durƙushe a bakin rumfa, shanu na faɗuwa a zango, ina jan su ni kaɗai ina yankawa, ba mai sayen naman. A ta uku ta sa aka shigo da ni. Ta ce don Sulle, ba don kowa ba. Ta sa aka saye waɗanda suka rage, kuma ba ta yi mana mugun tayi ba, ko da yake ƙashi da fata ne."

"Nawa suka mutu?"

"Goma sha bakwai."

Mijinyawa ya saki ƙarfen taga, ya zauna a ƙasa.

Ranar da aka sake shi bai nufi masauki ba, rumfar ya nufa. Tun daga nesa ya tuɓe takalmi, ya zo ya durƙusa, ya kasa ɗaga ido. Iya Abeke ta dube shi. Ta ce, "Na yafe maka, don yaro ne kai. Amma ka gai da Sulle, ka ce masa baɗi ya aiko mini da Jibo."

Labari ya riga su isa Ƙaraye, don fatake ba sa riƙe magana. Madugu Sulle yana zaune a zaure da ɗansa ya shigo ya faɗi gabansa. Tsohon bai yi faɗa ba. Ya laluba ya taɓa kan ɗan, ya ce, "Gaskiya ne ka sha?"

"Gaskiya ne, Baba."

"Wannan tsakaninka da Allah, ka tuba gare Shi. Shanu kuwa tsakaninka da masu su ne. Gobe ka tafi Ruwan Bago, da ƙafarka, ka gaya musu da bakinka."

Ya tafi. Fulani suka taru a gindin wata ƙatuwar ɗorawa, ya tsaya a tsakiya ya faɗi komai, bai rage ba. Ba wanda ya zage shi, don Bafulatani ba ya nuna zafin rashi a bainar jama'a. Maza suka jingina da sandunansu suna kallon ƙasa. Wannan shirun ya fi masa bulala ciwo.

Can sai wata tsohuwa mai suna Turai ta matso tana dogara sanda. Ba ta da ɗa, ba ta da garke, sa ɗaya tal ta bayar. Ta ce, "Ɗan Madugu, nawa fari ne, mai karyayyen ƙaho na hagu. Uwarsa ta mutu ranar da ta haife shi, da hannuna na shayar da shi. Shekara biyar ina kiwonsa don in ya tafi in samu abin da zan ci har in mutu. Na ji yana cikin waɗanda suka mutu, amma ba abin da zan ce maka, ƙaddara ta riga fata. Abu ɗaya nake so ka gaya mini. Da zai mutu, ka samu ka ba shi ruwa?"

Mijinyawa ya yi ƙoƙarin tunawa. Bai ma san wane sa take nufi ba. Ya rufe fuska da hannun riga, ya fashe da kuka a gaban mata da yara. Madugu Sulle ya sayar da gonarsa ta fadama ya biya mutane kuɗin shanunsu, amma daga wannan shekara ba wanda ya sake damƙa wa Mijinyawa ko tunkiya. A kasuwar Ƙaraye ya ƙare, yana tallan goron da Jibo ke kawowa.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, wanda ya fita neman halali a ƙasar wasu, ya bar girman kai a gida. Kowane gari da irin gaisuwarsa da irin manyansa, kuma babba babba ne, namiji ne ko mace. Girmama al'adar mutane ba ya nufin ka zubar da addininka. Mijinyawa ya juya abin: ya ƙi durƙuson da bai haramta ba, ya sha abin da ba wanda ya tilasta masa, ya ɗauki fara'ar mace a matsayin lalata. Ka girmama mutane a kan abin da ba saɓo ba, ka tsaya a kan naka cikin ladabi, ka kuma tuna cewa in kana ɗauke da amana, kuskurenka ba kai kaɗai yake ci ba.