Rigar da ke kan lamba 257

'Ya'yana, ku matso. Akwai wani mai wanki da guga da ƙanensa ya shirya masa manhaja a kwamfuta. Injiniya ake ce wa ƙanen, shi ya raɗa wa kansa. Ka kawo kaya a ba ka lamba, in ka dawo a buga lambar, kwamfuta ta tabbatar a miƙo maka kayanka. Wata biyu ba matsala.

Wata safiya sai ga wata ma'aikaciyar jinya ta zo karɓar farar rigarta, ranar za ta fara aiki. Lambarta 257. Mai wanki ya buga, kwamfuta ta ce ba ita ba ce. Ya goge tabarau ya sake bugawa. Ga 257 a takarda, ga 257 a allo, ga rigar a rataye.

Ya kira Injiniya a waya.

"Yaya, kwamfuta ba ta ƙarya. Takardar ce jabu, kar ka ba ta."

Matar ta ce shekara uku tana kawo masa wanki, yau ne bai san fuskarta ba? Ya dube ta, ya dubi allo, ya rasa wa zai gaskata. Ya hana ta. Ta tafi hannu wofi.

Mai 258 ya zo, aka ce ba shi ba. Mai 259 ma haka.

Injiniya ya iso, ya yi awa guda yana gumi, sannan ya ce laifinsa ne. Wai tambaya biyu ake yi wa kwamfuta: ko abu biyu sun yi daidai, ko kuwa ainihin abu ɗaya ne. Shi ta biyun ya rubuta. Manhajar kuwa ƙananan lambobi har 256 ɗaya-ɗaya take ajiye su, daga nan sai ta riƙa ƙirƙiro sabuwa duk lokacin da aka buga, shi ya sa 257 da aka buga yau ba ita ce ainihin wadda ta ajiye ba.

Mai wanki ya ce bai gane ba.

"Kamar bokitanka biyun nan, Yaya. Iri ɗaya ne, amma biyu ne."

"To ni meye nawa da bokiti? Matar mutane na kora."

Ya kai mata rigar har asibiti. Ya tarar da ita cikin ta aro, hannun ya yi mata tsawo. Ta karɓa, ta yi godiya, ba ta ƙara kawo masa wanki ba.

Darasi: Na'ura abin da ka tambaye ta take amsawa. Kafin ka ƙaryata mutum, duba tambayarka tukuna. Ku tura wa masu ilimin gidanku.