Ludayi Guda daga Ƙullun Bushiya

Ga ta nan, ga ta nan ku, masu jin yunwa!

Ta zo mu ji ta da zafinta.

Bushiya mai taurin kai gwanar waina ce, kuma ba ta rowar ƙullu. Duk wanda ya so sai ya ɗebi ludayi guda ya haɗa nasa.

Ran nan Kurege ya ce, "Inna, a sa albasa mana."

"Ba a tandata ba!"

Sai ya ɗebi ludayi guda, ya kafa tasa tandar, ya zuba albasa. Masu saye suka koma wurinsa.

Bushiya ta taso, ƙaya a miƙe. "Ɓarawo!"

"Inna, leƙa ƙwaryarki. Me ya ɓata?"

Ta leƙa, ga ƙullunta ya kumbura fal. Ta daɗe tana shaƙar ƙamshin albasa, sannan ta miƙa ludayi, tana kallon gefe.

"To, ɗan sam mini naka."

Ƙurunƙus kan ɗan kurege! Ba don wainata na ƙonewa ba, da na ƙara muku ƙarya.