Sunan Wa Za A Fara Rubutawa?

Ku gafarce ni, wani sashe na wannan labari ya kuɓuce mini. Shekarar da abin ya faru ta tafi, haka sunan ƙwayar da ake rigima a kanta, wasu haruffa ne da lambobi. Dā nakan riƙe littafi guda a kaina, yanzu kuwa sai in ajiye tabarau in yi ta nemansa yana bisa hancina. Abin da ya rage shi zan ba ku, ku kuma ku yanke hukunci.

Na ji shi ne sa'ad da na je wani birni a duba mini ido, na sauka a gidan tsohon abokina, Farfesa Sallau, mai binciken ciwon daji. Shi ya yi mini bayani kamar yana koya wa jikansa. Ya ce jikin mutum da ƙananan ƙwayoyin halitta aka gina shi, kowace kuma tana ɗauke da dubban ƙwayoyin gado. Su ƙwayoyin gadon nan kamar itatuwan rufin soro suke. Wani itacen in ka zare shi ɗaki na nan tsaye, wani kuwa kana zarewa rufi ya rufto. Masana na duniya suna ta gwada wanne ne wanda ba a rayuwa sai da shi, suna zuba sakamakonsu a wani rumbun bayanai a intanet, kowa ya ɗiba kyauta. Abin da mai binciken ciwon daji ke nema shi ne itacen da ya riƙe ɗakin ciwon, amma bai riƙe na lafiyayyen jiki ba.

To, Farfesa yana da almajirai uku da ya yaye, duka sun zama daktoci a ƙarƙashinsa: Nafi'u, da Haladu, da Huwaila. Kwano ɗaya suke cin abincin rana tun suna ɗalibai.

Nafi'u shi ne babbansu. Shekara huɗu ya yi yana kashe ƙwayoyin gado ɗaya bayan ɗaya a cikin ƙwayoyin ciwon dajin hanta da aka samo daga wani majinyaci na ƙasarmu, yana rubuta wadda in ya kashe ta ƙwayoyin ciwon sukan mutu, da wadda sukan rayu babu ita. Da ya gama sai ya tarar da jeri mai tsawon gaske, ya kasa gane abin da yake faɗa. Tsararrakinsa suka wuce shi a girma, ana yi masa dariya a ɗakin shan shayi. Da wani ne ya sha wannan wahala, da sai ya ɓoye takardunsa a akwati, don kada wani ya ci guminsa. Shi kuwa ya kwashe jerin kaf ya zuba a rumbun nan na intanet, ya ce ko Allah zai kawo mai idon da ya fi nasa. Aka ba jerin lamba, aka manta da shi.

Haladu bai taɓa riƙe kwalbar gwaji da kyau ba, abokansa har suna kiransa malamin kujera. Aikinsa kwamfuta. Wata goma sha ɗaya ya yi yana sauko da jeri ɗaruruwa daga rumbun, yana kwatanta na masu ciwo da na lafiyayyu. Masana da yawa sun bi ta kan waɗannan lambobi ba su ga komai ba. Shi ya lura da wata ƙwayar gado guda wadda, a jeri ɗaya tak, ciwon ba ya iya rayuwa in babu ita, alhali lafiyayyar hanta ba ta damu da rashinta ba. Ya bi lambar jerin don ya san daga wace ƙasa ya fito. Ashe daga ofishin da ke kallon nasa ne, na Nafi'u.

Huwaila ta ce abin da kwamfuta ta faɗa zance ne, sai an gani da ido. Ana bukatar sabbin ƙwayoyin halitta daga jikin majinyata da yawa, mutane kuwa ba sa son a taɓa naman ɗan'uwansu. Ita ta bi gado gado a asibiti, tana zama da mata da 'ya'ya, tana yi musu bayani har mutum arba'in da ɗaya suka amince. Ta reni ƙwayoyin a akwatin ɗumi kamar mai kiwon 'yan tsaki. Ana tsakiyar haka wuta ta ɗauke, injin wutar ma ya lalace, ƙwayoyin kuwa in suka yi sanyi sun mutu. Ta toshe kwalaben da suke ciki, ta ɗaure su a jikinta ƙarƙashin mayafi don su sha ɗuminta, ta shiga motar haya tafiyar awa uku zuwa wani ɗakin gwaji. Can ta kashe ƙwayar gadon da Haladu ya nuna. Ƙwayoyin ciwo suka mutu, lafiyayyu suka rayu.

Ba magani aka samu ba tukuna, Farfesa ya nanata mini wannan. Ƙofa ce aka gano wadda mai haɗa magani zai iya bi.

Sai aka zo rubuta takardar da za a aika wa mujallar masana. A al'adarsu, wanda sunansa ya zo farko shi ne mai aikin. Ga shi Farfesa zai yi ritaya, jami'a kuma ta ce wanda sunansa ya zo farko shi zai gaji ɗakin binciken. Nan kwanon abinci ya rabu uku. Haladu ya canja kalmar sirrin kwamfutarsa. Huwaila ta soma tafiya gida da mabuɗin ɗakin ƙwayoyi a jakarta. Nafi'u kuwa in ya ji ana yabon ɗayansu a farfajiya, sai ya tuna ya bar wani abu a mota.

Farfesa ya tara su. Nafi'u ya fara magana, ya ce, “Ranka ya daɗe, mai tsintuwa a gonar wani ba shi ne ya yi noma ba.”

Haladu ya ce, “Yaya Nafi'u, shekara nawa hatsin yana zube a gabanka kana takawa? Da ban zo ba, har yau tsakuwa kake ce masa.”

Huwaila ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ta ce, “Malam, ka ji su. Ɗaya ya tara bai gane ba, ɗaya ya gane bai taɓa ba. Waye a cikinsu ya kalli idon matar da mijinta ke mutuwa ya roƙe ta?”

Farfesa ya ce ai akwai hanya. Ana iya sa wa sunayen uku alamar tauraro, a rubuta a ƙasa cewa aikinsu daidai yake. Dukansu suka ƙi. Suka ce ko an sa tauraro goma, mai ambaton takardar nan gaba zai ce ne “Wane da abokan aikinsa,” kuma babu wanda ya yarda ya zama abokan aiki. Takardar kuwa ba ta fita sai ukun sun sa hannu.

Bayan na dawo gida na soma shakkar kaina, ko ƙwaƙwalwata ce ta ƙara gishiri. Sai na sa aka kira mini Farfesa a waya. Ya tabbatar mini takardar tana nan cikin aljihun teburinsa babu sa hannu. Ya kuma ƙara mini abin da ban sani ba. Rumbun yana nuna masu ɗiban kowane jeri, kuma a cikin wata guda wasu masu bincike daga wata ƙasa sun sauke jerin Nafi'u sau shida. In suka riga su bugawa, babu sunan ko ɗaya daga cikin ukun da zai fito, farko ko ƙarshe.

To, jama'a, alƙalamin yana hannunku kuma lokaci ya ƙure. Tsakanin Nafi'u da ya tara ya bayar, da Haladu da ya gano, da Huwaila da ta tabbatar, sunan wa za ku fara rubutawa?