Akushin Nomau

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, mun matso.

A wani gari na bakin gulbi an yi wani yaro, sunansa Nomau. Shi kaɗai ne wurin uwarsa Tabawa, ubansa ya rasu tun yana goye. Nomau ba shi da wani aibu. Magana ce dai ba ta zo masa da wuri. Kafin ya haɗa abin da zai ce, an riga an wuce wurin.

Sai aka sa shi makarantar boko. A makarantar akwai wata tsamiya, in an tashi tara, wasu yara su biyar sukan haɗa kwanoninsu a gindinta su ci tare. Babbansu Jatau. Ba abin da Nomau ke so a duniya kamar ya zauna a cikinsu.

Sai Tabawa ta cika akushi da ɗumame, ta ce, "Ungo, ka kai ku ci da abokanka."

Sai ya je ya tsaya a kansu. Kun san dai in mutum ya iske ana cin abinci, akan ce masa bismilla. Sai ya tsaya yana jiran bismillar. Jatau ya ɗaga kai ya ce, "Kai, wannan akushin na kakar kakarka ne? Wuri ya cika." Suka kwashe da dariya, suka matse gwiwoyinsu.

Sai ya zaga bayan aji. Ya iske Baba Ilu mai kaɗa ƙararrawa zaune shi kaɗai. Ya ce, "Baba, bismilla." Suka cinye.

Da ya koma gida Tabawa ta ce, "Abokanka sun ci?"

Ya ce, "Sun ci, Inna, har sun suɗe."

Ta ce, "To madalla."

Haka aka yi ta yi har ya bar makaranta bai gama ba.

Sai suka zama samari. 'Yan gindin tsamiya suka riƙa yin gayya, yau a yi noma a gonar wannan, gobe a ta wancan. Ba wanda ya taɓa aiko wa Nomau. Ran nan ya ji gangar gayya a gonar Jatau, sai ya saɓa fartanya. Tabawa ta zuba masa dambu a akushi. Ya je ya yi noma har hannunsa ya yi kanta. Da rana ta take, suka zauna cin abinci a inuwa. Ya tsaya da akushinsa. Sai da suka kusa gamawa wani ya waiwayo ya ce, "Au, Nomau, ashe kana nan? Mu ba mu gan ka ba."

Sai ya gangara bakin gulbi. Ya iske Gambo mai fito, wanda kowa ke shiga jirginsa amma ba mai zama hira da shi. Ya ce, "Malam, bismilla." Suka ci, ruwa yana wucewa. Da ya koma gida Tabawa ta tambaye shi.

"Abokanka sun ci?"

"Sun ci, Inna, har sun suɗe."

Sai suka zama magidanta. Kullum bayan magariba sukan shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan Jatau, kowa ya fito da tuwon gidansa, a yi ciyayya. Nomau ya ce a ransa, yanzu dai an girma, an bar yarinta. Ya sa rigarsa mai kyau, ya ɗauki akushi, ya yi sallama. Suka amsa da fara'a. Jatau ya ce, "A'a, Malam Nomau! Sannu da wucewa. A gai da Inna."

Yara, wannan ta fi sauran zafi. Ba zagi, ba dariya, amma ba wanda ya gusa.

Sai ya nufi ƙofar gari, wurin Sambo makaho mai tufkar igiya. Ya ce, "Bismilla." Sambo ya ce, "Muryar wa nake ji? Zauna, ɗan albarka, ƙamshin daddawar nan ya riga ka isowa."

Daga nan Nomau ya riƙa zagawa da akushinsa, yau Baba Ilu, gobe Gambo, jibi Sambo. Amma bai taɓa ɗaukarsu abokai ba. Idonsa yana kan tabarmar Jatau. Kullum kuma ya dawo da akushi wayam, don kada uwarsa ta san ɗanta ba shi da kowa.

Sai wata damina Tabawa ta kwanta. Kwana huɗu, ta cika da hantsi, ana yayyafi. Aka kai ta makwancinta. Nomau ya shimfiɗa tabarmar makoki a ƙofar gida. Su Jatau suka zo, suka tsuguna, suka shafa fatiha, ko takalmi ba su cire ba suka tashi.

Ran sadakar uku sai ga Baba Ilu da sandarsa. Sai ga Gambo ya riƙo hannun Sambo, ɗaya hannun da ƙwaryar tuwo da kifi. Suka cire takalma suka zauna. Gambo ya ce, "Ɗauko mana akushin nan, mu ba mu iya ci a wani abu ba."

Nomau ya ɗauko. Da ya ga akushin sai hawaye. Ya ce, "Shekara ashirin ina yi mata ƙarya. Kullum ta ce abokaina sun ci, in ce sun ci."

Baba Ilu ya yi dariya, bakinsa ba haƙori ko ɗaya. Ya ce, "Kai yaro, ba ka lura ba? Tun da haƙorana suka zube, tuwon gidanku ya koma mai laushi."

Gambo ya ce, "Ni duk ran da ta shiga jirgina sai ta tambaye ni ko yaji ya yi yawa."

Sambo ya ce, "Ni kuwa igiya ta zo saye, ga ta ba ta da ko akuya. Ta ce, 'Kai ne abokin Nomau? Na zo in ga fuskarka ne.' Na ce, 'Inna, kin fi ni sa'a, ni ban taɓa ganinta ba.'"

Nomau ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Sai ya juye tuwon a akushi, ya ce, "Bismilla." Suka matso, gwiwa tana taɓa gwiwa, suka ci.

Da suka tafi, ya shiga gida da akushi. Ɗakin Tabawa yana buɗe, tabarmarta a naɗe. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya ce a hankali, "Sun ci, Inna. Har sun suɗe."

Ƙurunƙus kan kusu, nan ta tsaya. In kuna cin abinci kuka ga wani ya tsaya da kwanonsa, ku gusa ku ce masa bismilla. In kuwa kai ne a tsaye, kafin ka ce ba ka da kowa, ka tuna wanda ya sa hannu a kwanonka jiya.