Maƙwabtan Madugu Jatau

An yi wani mutum a wani gari, tun zamanin kakanni, ana ce masa Nomau. Baduku ne, bawan Allah, ba shi da komai sai matarsa Kande da abin ɗinkinsa. Katangarsa ɗaya da wani attajiri, Madugu Jatau.

Wata shekara aka yi fari, yunwa ta shigo gari. Madugu ya kwanta ciwon ajali, ya ce a gaban shaidu, "Babban rumbuna na maƙwabtana ne." Ya cika.

To, ku saurara. Wane ne maƙwabci?

Aka tafi gaban alƙali. Wani malami ya ce gida arba'in ta kowace fuska. Wani ya ce a'a, sai wanda katangarsa ta haɗu da taka. In haka ne, jama'a, hatsin nan duka na Nomau ne, don ragowar kewayen gidan Madugu fili ne.

Kande ta riƙe masa hannu, ƙafafunta sun kumbura saboda yunwa. Ta ce, "Malam, ba ƙarya za ka yi ba. Shiru kawai za ka yi."

Alƙali ya ce, "Nomau, ka amince kai kaɗai ne maƙwabcinsa?"

Ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, shekara talatin ina jin bakin Madugu. Duk wanda ke ɗiban ruwa a rijiyar unguwarmu, maƙwabcina yake ce masa. Abin da yake nufi ke nan."

Sai gardama ta koma sabuwa. Baƙon da ya ɗebi ruwa sau ɗaya fa? Wanda ya aiko ɗansa fa? Kwana goma sha biyu ana musu, rumbu a rufe. Kwana goma sha biyu! A cikinsu aka binne mutum tara. Ta tara Kande ce.

Ran da aka buɗe rumbu, Nomau ya bi layi kamar kowa, ya karɓi mudu uku. Wani ya ce masa, "Baba, ba ka yi nadama ba?"

Hawaye na zuba ya ce, "Kewarta za ta kashe ni. Amma na san abin da mamaci ya nufa."

'Yan'uwa, wanda ya san manufar magana ya murɗe ta don cikinsa, ya ci amana. Wanda kuma ya tsaya jayayya kan kalma mutane na mutuwa, shi ma zai amsa tambaya. Yau akwai gidan da ba a ɗora tukunya ba a unguwarku, kuma kun san gidan. Kada ku tsaya ƙirga katanga. Ku kai musu tuwo.